Sawun Kurciyar Baba Bahago

Wani yaro daga cikinku, ku masu shagunan goge zanen jiki a Wuse da Gwarimpa, ya taɓa ce mini a gaban mutane wai aikin nan ko makaho zai iya shi: ka sa tabarau, ka danna maɓalli, inji ya yi tas-tas, zane ya tafi. Na ce masa to shi makahon me zai yi da tabarau? Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ban ji haushinsa ba, ta yaro kyau take ba ta ƙarko. Amma tun ranar maganar take cina, don haka bari in faɗa muku yadda na san aikin, tun kafin a kawo injin da kuke taƙama da shi.

Sunana Sale, sai dai a Kubwa in ba ka ce Baba Wanzam ba babu mai nuna maka gidana. Rabin rayuwata na yi shi ina sa wa mutane zane a jiki, ɗaya rabin ina cirewa. Na koyi wanzanci a Suleja a hannun kawuna, wanda kowa yake kira Baba Bahago saboda da hagu yake riƙe aska. A lokacin, inda kuke ganin benayen nan duk gonakin doya ne na Gwarawa. Mukan bi kasuwannin ƙauye a ƙafa, yau Zuba, gobe Madalla, wani makon Bwari, shi a gaba ni a baya da zabira a kafaɗa. A cikin zabirar akwai asake, da ƙahonin shan jini, da almakashi, da fatar wasa aska, sai wani ɗan gwangwani da ba ya barin kowa ya buɗe. A cikinsa allurai ne da aka ɗaure kawunansu da zare, da baƙin gindin tukunya da aka kankare aka tankaɗe. Kayan jarfa ke nan, wato zanen ado da ake yi wa 'yan mata da allura da baƙi. Kada ku haɗa ta da tsagar gado, ita wannan aska ce take yanka ta.

Na daɗe ban taɓa fatar mutum ba. Ɗanyen duma yake ba ni, ya ce in yi ta soka masa allura har sai na iya shiga ɓawo ban taɓa tsoka ba. In na zurfafa ya ce na huda 'yar mutane, in na yi sama-sama ya ce wankan farko zai tafi da aikina. Zanen da aka fi saninsa da shi 'yan mata suna kiransa sawun kurciya: gajerun layuka uku da suka fito daga wuri ɗaya, kamar inda kurciya ta taka a jiƙaƙƙen rairayi, da ɗigo ɗaya a ƙasa. A kumatu ake yin sa, kusa da kunne. Na Baba yatsan tsakiyar yakan ɗan karkata, kamar tsuntsuwar tana shirin juyawa. Nawa kuwa tsaye yake ƙiƙam. Yakan duba ya girgiza kai ya ce, “Kai Sale, taka kurciyar soja ce.” In muka sauka a kasuwa 'yan mata sukan yi layi a gabansa, ni a bar ni da askin tsofaffi. Na yi iyakar ƙoƙarina in karkatar da yatsan nan, bai taɓa fitowa kamar nasa ba.

Cire zane na farko da na gani a wani ƙauye ne bayan Madalla. Wata mata ce aka ce mata jarfa ba ta halatta ba, ta zo tana so a raba ta da wadda ke bayan hannunta. Baba ya yi ta ba ta baki, ta ƙi. Sai ya sa aka kawo gishiri mai tsakuwa, ya ƙulle shi a jiƙaƙƙen tsumma, ya shiga goga. Ya goga har fatar sama ta saluɓe, wurin ya yi ja kamar ɗanyen nama, ya barbaɗa wani gishirin ya ɗaure. Matar ba ta yi kuka ba, amma ta ciji bakin zanenta har ya yage. Da muka sake zagayowa garin ta nuna mana: baƙin ya ragu, sai dai a wurinsa akwai farin tabo mai sheƙi wanda ya fi jarfar faɗi. A hanya Baba ya ce da ni, “Ka gani ko? Ba cirewa muka yi ba, musaya muka yi mata.” Bai ƙara yarda ya yi wa kowa ba har ya rasu. Da ya rasu, zabirar aka miƙo mini.

Lokacin da farar hula suka dawo mulki kuɗi ya shigo Abuja kamar ruwan sama. Ko'ina gini, ko'ina leburori, kuma kowane lebura yana da kai da gemu. Na tattara na kafa rumfa a Karmo, kusa da kamfanonin Idu. Aski, ƙaho, kaciya, askin jarirai ranar suna, ban taɓa zama hannu banza ba. Jarfa dai babu mai tambayarta. Na rataye zabirar Baba a ƙusa a cikin rumfa, na sayi 'yar jakar roba ta fita aiki. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne masu zuwa suna raɗa mini wai ko na iya cire zane, tunda an ce wanzami ya san fata.

Akwai wani saurayi Bulus, mutumin Filato, mai dakon bulo a Idu. Ya zo da tsumma ɗaure a damtse, tun daga bakin rumfa na ji warin. Yana makaranta abokai suka zana masa mikiya da man ƙwallon yazawa da allura, yanzu kuma ana ɗaukar soja, an ce mai zane ba ya wuce tantancewa.

“Oga, abeg, ka cire mini shi kafin sati mai zuwa,” in ji shi.

Na kwance tsumman. Mikiyar tana nan da fukafukinta ɗaya, ɗayan ya zama rami.

“Me ka zuba?”

“Ruwan batir. Wani makanike ne ya ce yana aiki sharp-sharp.”

Na ce masa, “Bulus, ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ya wuce soja, hannun muke nema mu tsira da shi.”

Irinsa na gani da yawa. Wani ya ɗora dutsen guga mai zafi, wata ta shafa nonon tumfafiya, wani sodar yin sabulu, wata ta yi ta dirza lemon tsami da man bilicin har wurin ya zama kala biyu. Duk abu ɗaya suka kasa ganewa: baƙin ba a saman fata yake ba, yana can ƙasa, duk abin da zai kai gare shi daga sama sai ya cinye abin da ke tsakani. Fatarmu kuma ba ta mantuwa, in aka zalunce ta sai tabon ya kumbura ya tashi kamar igiya. Na ɗauki Bulus a acaɓa zuwa wani ƙaramin asibitin fata a Wuse. A nan na fara haɗuwa da Likita, wata mata 'yar garinsu mai magana ƙasa-ƙasa. Ta ceto hannun. Soja dai bai shiga ba, daga baya na gan shi yana tuƙa keke mai ƙafa uku na haya a Nyanya.

Sai shekarar rusau ta zo. Mun daɗe muna jin an rushe can, an rushe can, muna cewa Allah ya kyauta, mun manta abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wata safiya muka tashi muka ga jan fenti a bangon kowa. Wasu suka ce barazana ce, ai an sha yi. Ranar da katafila ta zo ina Dei-Dei wajen askin suna da 'yar jakata ta roba. Kafin in dawo unguwar ta zama fili, har ka tsaya a bakin titi ka hango tsaunin da ba ka taɓa sanin yana bayan gidajen ba. Na yini ina tonon ɓaraguzai da hannu. Na sami ƙaho ɗaya a tsage. Zabira, da gwangwanin allurai, da askar da hannun Baba ya cinye ƙotarta ta gefen hagu, ban sake ganinsu ba. Kwano da katako ban yi kukansu ba, amma zabirar nan har yau ina kukanta.

Na koma Kubwa na raɓa a wajen wani ɗan'uwa. Masu aski a wurina sun watse, wasu Mararaba, wasu sun koma garuruwansu. Samarin Kubwa kuwa askin inji suke so a shago mai madubi da kiɗa, ba mai zama a tabarma ya miƙa wa tsoho kai. Damina ta wuce ina zaune. Ana nan Likita ta aiko Bulus ya nemo ni. Ta sayo injin leza daga waje, tana neman mai hannun da ba ya rawa, wanda kuma zai iya yi wa mutane bayani da Hausa da Gwaranci. Haka na koma ɗan koyo da furfurata, a ƙarƙashin matar da ba ta kai ƙanwata ba. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Ita ma, kamar Baba, ba ta bar ni na taɓa mutum da wuri ba. Shara na fara yi, sai riƙe ƙanƙara, sai shafa man kashe zafi, sai ɗaure bandeji.

Ita ta fahimtar da ni abin da injin yake yi. Ba gogewa yake yi ba, duk da cewa haka kuke rubutawa a allunan shagunanku. Hasken yana ratsa fata ya farfasa baƙin ya zama gari, jiki ne da kansa yake kwashe garin a hankali. Shi ya sa ake barin makonni tsakanin zama da zama. In ka matsa ka maimaita da wuri don mai zane yana sauri, ba ka ƙara komai ba sai ƙuna. Farin da kuke gani ya taso nan take kuna ɗaukar hotonsa kuna cewa an gama, kafin mutum ya kai gida ya baje, zanen ya dawo yana kallonku. A baƙar fata kuma ana rage wa inji ƙarfi, don hasken ba ya bambanta baƙin tawada da baƙin da Allah ya yi mu da shi, in ka cika masa wuta ya kwashe duka ya bar mutum da dabbare-dabbare. Kullum a fara gwadawa a ɗan lungu a jira a gani. A hana mutum shiga rana, a hana shi ɓare ɓawon ciwo. In wuta ta ɗauke aka tayar da janareta, a jira ta daidaita kafin a ci gaba.

Masu zuwa kuwa, kasuwar Wuse ma ba ta fi mu ganin iri-iri ba. 'Ya'yan manya da suka dawo daga karatu a waje da macizai masu kore da rawaya, uba ya kawo su da direba yana huci. Kore da rawaya su ne masu taurin kai, sai a gaji a bar inuwarsu. Wata yarinya ta zo da sunan saurayi a tsintsiyar hannu, kafin mu gama cire shi sun shirya, ta zo tana tambaya ko za a iya tsayawa a harafin farko. Wani alhaji ɗan kwangila ya zo a cire masa tsagar gado, na ce masa, “Ranka ya daɗe, wannan aska ce ta yi ta, babu tawadar da inji zai kama.” Ya ce ko nawa ne zai biya. Na ce ko Likita ba ta sayar da sabuwar fuska. Mafi sauƙi duka ita ce jarfa irin tamu ta baƙin tukunya. Ba ta da zurfi, ba ta da gauraye, zama kaɗan ta tafi. Abin da muka yi shekaru muna koyon dasawa, shi ne ya fi komai saurin fita.

Wata ranar Talata da hantsi wata mata ta shigo, Hajiya Asabe, babbar ma'aikaciya a ɗaya daga ma'aikatun tarayya. Ta zauna ta ja mayafinta baya ta juyo mini kumatunta na dama. Na ɗauko fitila na haska, sai hannuna ya tsaya. Sawun kurciya ne, da ɗigonsa a ƙasa, yatsan tsakiya a karkace.

“Hajiya, a wace kasuwa aka yi miki wannan?”

Ta dube ni da mamaki. “A Zuba. Ina yarinya, Innata ce ta kai ni.”

“Wani tsoho mai riƙe allura da hagu?”

“Ka san shi?”

“Kawuna ne. Shi ya koya mini sana'a.”

Ta yi murmushi ta ce Allah ya jiƙansa, ta ce har alewa ya ba ta don kada ta yi kuka. Sa'an nan ta gyara zama ta ce, “Amma Baba, cire shi nake so. Na gaji. A ofis ana ce mini 'yar ƙauye da wasa, a filin jirgi kowa sai ya tambaya ko ciwo ne, ga malamai suna ta magana a kai. Na shafa hoda har na gaji.”

Fuskarta ce, ba tawa ba, kuma ba ita ta zaɓa ba tun farko. Na yi mata bayanin da nake yi wa kowa. Amma ba zan ɓoye muku ba, tun da zabira ta tafi ban ga wani abu da hannun Baba ya taɓa ba sai wannan. Na sa mata tabarau, na sa nawa, na ce bismillah. Duk tas ɗin da injin ya yi sai na ji kamar a jikina. Ta riƙa zuwa a kan lokaci, ba ta shiga rana, ba ta ɓare ɓawo, irin mutanen da kowane mai wannan aiki yake addu'ar samu. Ɗigon ne ya fara tafiya, sai yatsun gefe. Yatsan tsakiya ya fi daɗewa, sai shi ma ya bi su. Wurin ya warke sumul, ko ni da fitila sai na ƙura ido nake ganin alama. A duk aikina da inji ban yi wanda ya fi shi kyau ba. Likita ma ta yaba.

Ba a yi wata biyu ba sai ga ta ta dawo, ba ranar zuwanta ba, ko hoda babu a fuskarta. Ta ce da ni take son magana.

“Baba, ka mayar mini da shi.”

Na ɗauka ban ji daidai ba. Sai ta ba ni labari. Innarta ta tsufa, ruɗewar tsufa ta kama ta, ga ciwo ya kwantar da ita. An ɗauko ta daga ƙauye an kawo ta gidan Hajiya a Karu don a riƙa kai ta asibiti. Tsohuwar ta manta sunayen jikoki, ta manta mijinta ya rasu, amma tana ta kiran Asabe. In Hajiya ta zo ta durƙusa ta ce ga ni, sai tsohuwar ta kama haɓarta ta juya kumatun dama zuwa haske, ta duba, ta sake ta.

“Sai ta ce, ‘Baiwar Allah, kina da kirki, amma ki kira mini Asabe. Asabe tana da kurciya.’ Ba ta cin abinci daga hannuna, Baba. Wai sai Asabe ta zo. Likitoci sun ce ba lallai ta daɗe ba. Kada uwata ta tafi tana ganin na ƙi zuwa.”

Na kira Likita. Ta duba wurin ta girgiza kai, ta ce fatar da inji ya bi ba a sa mata allura sai ta huta watanni, in ba haka ba baƙin zai baje ko tabo ya taso. Gaskiya ta faɗa, ni ma na sani. Ga shi alluran Baba ma suna binne ƙarƙashin wani sabon bene a Karmo. Tsohuwa kuma ba ta da watanni. Hajiya ta ce ta gwada zanawa da jagira, Inna ta duba ta ce wannan ba kurciya ba ce, ƙafar kaza ce.

A bas ɗin Kubwa, muna tsaye cikin gosulo, katambiri ya faɗo mini a rai. Ku ba ku san shi ba. Ɗan itace ne wanda a can baya mata suke matse ruwansa su yi kwalliyar baƙi a fuska. Ba a huda fata, a kai ake zanawa da tsinke, ya yi kwanaki yana nan kafin ya koɗe. 'Yan matan da ke tsoron allurar Baba da shi suke yi. Washegari na zagaya kasuwar Karu, masu kayan kwalliya suna tambayata ko sunan sabon mai ne. Sai a Suleja na same shi wajen wata tsohuwa mai kayan koli, ita ma ta ce ta manta rabon da a tambaye ta.

Na sayi ɗanyen duma na zauna a ƙofar gida ina gwadawa. Na zana, kurciyar soja ta fito. Na sake, ita ce dai. Na karkatar da yatsan da gangan, ya fito kamar an karya shi. Da na gaji sai na mayar da tsinken hannun hagu don in huta da dama, na ja layi haka nan kawai. Yatsan ya karkata da kansa. Na daɗe ina kallon duman nan. Shekara da shekaru ina neman sirrin Baba, ashe babu wani sirri, hannun ne kawai. Na yi ta maimaitawa har hagun ya daina rawa.

Da la'asar na je Karu. A falo na zaunar da Hajiya kusa da taga, na bi 'yar alamar da ta rage na zana da hagu, na sa ɗigon a ƙasa. Muka jira ya bushe ya yi baƙi. Ta ɗauki kofin kunu ta shiga ɗakin, ta ce in biyo ta. Na tsaya daga bakin ƙofa na yi sallama.

Tsohuwar tana jingine da matashi, ta rame ƙwarai. Hajiya ta durƙusa. Tsohuwar ta miƙa hannu ta kama haɓarta, ta juya ta wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ɗan buge ta a kafaɗa.

“Asabe! Ina kika shiga tun safe? Wata mata ce take ta ɗawainiya da ni a gidan nan, ko gode mata ba ki zo kin yi ba.”

“Ki yi haƙuri, Inna. Ga ni na zo.”

“Ba ni kunun nan, yunwa nake ji.”

Ta shanye shi tas. Ni na koma falo, don ba a son a ga wanzami yana share ido.

Daga nan duk lokacin da zanen ya fara koɗewa sai ta aiko mota, in je in sabunta. Da shi take zuwa ofis, ba hoda, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Haka muka yi har Allah ya karɓi tsohuwar, a hannun Asabe, tana sane da a hannun wa take.

Bayan watanni Hajiya ta biyo asibiti ta yi mana godiya. Kumatun ya koma sumul. Likita ta duba ta ce yanzu fatar ta huta, in tana so ana iya sa allura. Ni kuwa tuni na ɗaure sababbin allurai da zare, na kankare baƙin tukunya na ajiye a gwangwani, ban gaya wa kowa ba. Na ce, “Hajiya, in kina so, yanzu hannun ya iya.”

Ta shafa wurin da yatsa. Sa'an nan ta ce, “A bar shi, Baba. Mai dubawar ta tafi.”

To kun ji. Injinku ya fi namu sauri, na yarda, har kore da rawaya an ce yanzu yana ci. Amma kafin ku danna maɓallin nan ku tambayi mutum wa ya yi masa zanen, wa kuma ya san shi da shi, don injin ba ya da maɓallin mayarwa. In ya ji ya ce a cire, ku cire masa da kyau, haƙƙinsa ne.

Sabon gwangwanin yana nan a ɗakina, ban sake buɗe shi ba. Na daina aiki, ido ya yi rauni. Amma har yanzu in na shiga bas ɗin Kubwa na ga tsohuwa ta zauna kusa da taga, sai na sami kaina ina leƙen kumatunta na dama.